Bishiya a Gonar Aro

Haɗeja,
Jihar Jigawa.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Zuwa ga uwargidana, Iya Safara'u, a Agege.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga maigidanki Badamasi, wanda kika kwashe kayanki kika bari ba ko sallamar kirki. Ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da ɗanki Baba Sunusi da iyalinsa gaba ɗaya. Yaya idon? Mun sami labari an yi aikin na dama, an kwance, har kin fara gane mutum tun daga bakin ƙofa. Alhamdu lillahi. Allah Ya sa na hagun ma a yi shi a sa'a, Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Ya dawo mana da ke a kan ƙafafunki. Ni dai abin da nake tsoro ɗaya ne, kada idon ya buɗe sosai ki ƙare min kallo ki ce kin fasa auren. In ma haka ne ki sani kin makara, tun ranar da aka raɗa min sunan marigayi mijinki magana ta ƙare.

Nan gida kowa yana lafiya. Inna tana gaishe ki, ciwon gwiwar nan ya lafa. Kishiyarki, matata Adila, ta sauka lafiya, an sami mace, an sa mata Ummussalma. Jaririyar ta ɗebo hancin gidanku, Allah dai Ya ba ta haƙuri. Akuyarki ma ta haihu, kuma har yanzu ba ta daina shiga madafin Inna ba, na ce a ƙyale ta, halin mai ita ta ɗauko. Ruwa ya sauka a farkon wata har mutane sun yi shuka, sai kuma ya ɗauke ƙafa. Kogi bai taso ba tukuna, amma samari sun fara cika buhuna da ƙasa suna toshe wuraren da jinga ta zaizaye bara.

Umaima, na san ke za ki karanta mata. Ki zauna ta wajen kunnenta mai ji, ki ɗaga murya, kada ki tsallake komai. Akwai wurin da zan taɓa babanki, Baba Sunusi, ki yi haƙuri ki karanta shi yadda yake, in ya so ki bari sai ya fita kasuwa. Abin da ya sa ma na rubuto ke nan ban kira ba. Duk sanda na kira wayar tana hannunsa, shi zai ji tambaya shi zai ba da amsa, sannan ya ce Iya tana gaishe ka.

Bayan haka, Iya, maganar gonarki ce ta bayan jinga, wadda kika gada wurin mahaifinki Malam Mustapha. In ba ki buɗe baki ba nan da Juma'ar da ke bin wannan mai zuwa, gonar nan za ta fara zamewa daga hannunki, kuma ba wanda zai zo da sanda ya ƙwace ta. Bari in ɗauko miki daga farko.

Kin tuna yadda babbar ambaliyar nan ta bar ta. Ta gefen ruwa ciyawar kacala ta cinye ta, ta yi tsayi ta fi mutum, ta gefen tudu kuma yashi yana gangarowa yana binne ta kaɗan-kaɗan. Ko jaki ba ya tsayawa a wurin. A lokacin ne Aisa, matar marigayi Auta mai gyaran raga, ta zo da matan unguwa suka durƙusa a ɗakinki suka nemi aronta su yi lambu. Kika ce su je su noma su ci, ke ba kya son ko ƙwayar albasa. To, kin tafi ba ki ga ƙarshen aikin ba. Matan nan sun shiga ruwa har ƙirji suna sarar kacala, matsattsaku suna manne musu a ƙafa. Suka shanya ta, suka saƙa ta suka yi shinge ta wajen da iska ke kwaso yashi. Ragowar suka shimfiɗa a kan rairayin, suka zuba kashin awaki da ɓuntun shinkafa da tokar murhu, kowace da kwanonta a ka. A ranin da ya wuce albasa da tattasai da alayyafo da suka fito a wurin, ni na riƙa kai musu kasuwa a adaidaita, har 'yan sari daga Kafin Hausa suna tare ni a hanya. Duk tsawon lokacin nan mazan unguwarmu suna ina? Suna gindin dogonyaron masallaci suna lissafa ranar da matan za su gaji.

Da lambu ya yi kore har masu rediyo suka zo suka yi hira da Aisa, sai ga Abdulganiyyu. Kin san shi, ɗan Alhajin nan da gonarsu ke iyaka da taki, mai sayar da buhunan wofi a bakin kasuwa. Mutumin da tafin hannunsa ya fi na amarya laushi. Dare ɗaya ya zama mai kishin ƙasa. Ya kafa abin da ya kira kwamitin kare ƙasa da hana kwararowar hamada. Shi ne ciyaman, ƙaninsa ne magatakarda, surukinsa ne ma'aji, sauran 'yan kwamiti kuwa yaran rumfarsa ne. Ya sayo wata riga mai walƙiya irin ta masu ba da hannu a titi yana ɗorawa a kan shadda, da ita yake zuwa har ɗaurin aure. In ya buɗe baki ba ka jin komai sai hamada, wai tana tafe, wai ta kusa, kamar wanda suka yi sallama da ita jiya a tasha. Ni kuwa na tabbata da hamadar za ta iso ta same shi a rumfa, buhu zai sayar mata ta zuba yashinta. Abu ɗaya na san ya yi wa lambun, ya ara wa matan tsohon injinsa na ban ruwa, wanda sai an yi masa magiya yake tashi. Tun daga ranar ya daina cewa lambun mata, ya koma cewa lambunmu.

Da damina ta kawo kai, ma'aikatan gandun daji suka ce za su ba da dashen itatuwa kyauta ga duk unguwar da ke da wurin dasawa. Su ba ni da abin da zan ce a kansu. Wata malama ce ta zo ta zagaya gonar, ta nuna layin da za a jera bagaruwa da dogonyaro ta gefen tudu don su riƙe yashi, ta ce a ciki kuma a sa masu 'ya'ya domin masu lambu su amfana. Har ta tambaya gonar wa ce, kuma an nemi izini? Abdulganiyyu ya dafa ƙirji ya ce an nema, ɗan mai gonar ya amince. Kuma wallahi bai yi ƙarya ba. Ya kira Baba Sunusi, ya ce masa aikin alheri ne za a yi a gonar tsohuwa, Baba ya ce to, to, a yi duk abin da ya dace, Allah Ya ba da lada. Umaima, nan ne wurin. Mutum ya yi shekaru a Ikko har ya manta abin da ko yaron da ke kiwon awaki ya sani.

Ke kika koya min wannan, Iya, tun ina bin ki gona ina satar miki gyaɗa a lalita. Wanda aka ba aron gona yana shuka abin da zai girbe ya tashi ne. Ba ya dasa itace. Itace na wanda ya dasa shi ne, kuma in ya girma ba a tambayar gonar wa ce, sai a ce mangwaron wane. Waɗanda suka shaida aron su mutu ɗaya bayan ɗaya, mangwaro yana nan tsaye, 'ya'yan wanda ya dasa suna zuwa tsinka, wata rana sai ka ji gonar ta bi shi. Haka uban Abdulganiyyun ya yi wa gidan su Shu'ibu. Ya karɓi aro, ya sa goba wai don yara su riƙa sha. Yau wurin Gobar Alhaji ake ce masa, Shu'ibu kuwa ƙwadago yake yi a ciki, a gonar kakansa. Kuma kin san tsamiyar da Malam Mustapha ya dasa a tsakiyar taki, ambaliya ta kayar da ita, an faskare an dafa tuwo. Babu sauran abin da ke tsaye a gonar nan yana faɗin sunanku.

Ni aka ɗauka in kwaso dashen daga inda motar ta sauke su. Ina lodi ina kallon ciyaman. Ya ware bagaruwa da dogonyaro gefe guda, ya ce waɗannan na baƙi ne da jama'a, kowa ya dasa a sami lada. Ya ware mangwaro da dabino da goba ya kai inuwa, ya kira 'ya'yansa ya ce waɗannan kada kowa ya taɓa, su da shi za su sa su a ƙasa da hannunsu, a gaban Bulama mai unguwa, a gaban masu hoto. Na leƙa gonar, sai na ga an haƙa ramukan a tsakiya, jere reras, tun daga inda tsamiya take har iyakar gonarsu. Ya ɗauka ni jakin da ke ɗaukar kaya ne, ba na jin Hausa.

Ban fara da tsiya ba, Allah shaida. Wurin Bulama na fara zuwa, na cire takalmi na durƙusa na faɗa masa. Yana tauna goro yana kallon sama. Ya ce ci gaba ne ya zo, yaro ba ya tare ci gaba, kuma tunda ɗanta ya yi magana ni wane ne. Ina fita na ga buhun shinkafa sabon ɗinki a jingine a zaurensa, na gane buhun, na kuma gane rumfar da ya fito.

Daga nan na wuce gidan Gambo maroƙi, domin na ji shi ciyaman ya ɗauka ya yi masa kirari ranar dashe. Na tafi masa da tarwaɗa mai kauri kamar cinyar mutum. Na tuna masa shekarar da uwarsa ta kwanta jinya, wa ke aika mata kunu safe da yamma. Ya ce ai Iya Safara'u uwa ce. Na ce to, uwar ta aiko daga Ikko, ta ce itatuwan da za a dasa a gonarta sadaka ce take yi wa mahaifinta, a shelanta kowa ya ji. Ya ce shi fa an riga an biya shi ya yabi ciyaman. Na ce wa ya hana ka? Ka yabe shi iyakar ƙarfinka, ka ce ga bawan Allah da ya ajiye girmansa ya zo yi wa tsohuwa aiki. Gambo ya yi dariya har ya ƙware. Sai na je wurin Liman. Shi ban ce masa kin aiko ba, ina jin nauyinsa, ya koya min Baƙara. Na ce masa kin daɗe kina burin yi wa Malam Mustapha sadakar da ba ta yankewa, ga itatuwa za a sa a gonarsa, ko zai zo ya yi masa addu'a. Kin san Liman da addu'a a taro. Ya ce ko ba a gayyace shi ba zai zo.

Ranar dashe, da hantsi, an kafa rumfa an jera kujeru, an kawo ruwan leda. Ciyaman ya sha farar shadda da rigar walƙiya, yana riƙe da sabuwar fartanya ko takardar kanti ba a ɓare mata ba. Ya yi jawabi a kan hamada har wani tsoho ya yi barci ya faɗo daga kujera. Aisa da matan da suka yi aikin an tura su can baya, a rana, kusa da shingen da suka saƙa. Baƙi suka dasa bagaruwa, aka tafa. Sai aka zo kan mangwaro. Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa da ƙyar, ya sa dashen a rami, ya ɗago fuska yana murmushi saboda mai ɗaukar hoto. Nan Gambo ya buɗe maƙogwaro.

Iya, da kina nan da kin warke ba aiki. Ya ce jama'a a shaida, Hajiya Safara'u 'yar Malam Mustapha, mai gona da iyakarta, ta aiko daga Ikko a dasa wa mahaifinta sadaka. Ya ce a dubi tawali'u, ga Abdulganiyyu ɗan Alhaji, ciyaman guda, ya sa gwiwa a ƙasa yana yi wa tsohuwa ƙwadago ba ko sisi. Ya ce wane ɗan ƙwadago ne ke zuwa aiki da shadda in ba wannan ba. Matan baya suka saki guɗa. Ciyaman ya buɗe baki zai yi magana, sai Liman ya matso ya ɗaga hannu ya fara. Ya roƙa wa Malam Mustapha gafara, ya roƙa miki lafiya, ya roƙa wa wanda aka aiko ya dasa ladan ɗan aike. Kowa hannu a sama, Bulama ma haka, baƙi ma haka. Mutuminki yana durƙushe, laka har gwiwar hannu, mai hoto a kansa. Me zai ce? A tsakiyar addu'ar mamaci zai miƙe ya ce ba sadaka ba ce, tasa ce? Amin ya ce. Na ga bakinsa. Da aka shafa ya rasa yadda zai yi, ya shafa lakar a fuska.

Kuma ba sau ɗaya ba. Kowane rami sai Gambo ya sake shela, Liman ya sake Fatiha. Da aka zo kan dabino ya ce bayansa ya riƙe, 'ya'yansa su ƙarasa. Gambo ya ce a dubi tarbiyya, har 'ya'yansa ya kawo su yi wa Hajiya hidima. A ƙarshe malamar gandun daji, ita da ba ta san komai ba, ta ce abin ya burge ta, ta roƙi ciyaman ya yi wa mai gonar godiya a gaban na'ura. Ya yi. Muryarsa kamar wanda ake cire wa haƙori, amma ya ambaci sunanki, ya ce mai gona. Yana nan a wayar kowa a unguwa, yara har sun haddace.

To, dariya ta ƙare a nan. Washegari ya aiko yaransa suka ɗauke injin. Ya tafi wurin Bulama ya ce ni maƙaryaci ne, ba ki aiko kowa ba, ɗanki na cikinki kwamiti ya ba izini, don haka itatuwa na kwamiti ne, kwamiti kuwa mun san ko wane ne. Aka kira ni. Ya nuna ni da yatsa ya ce wannan ɗan iskan da ko aji ɗaya bai shiga ba shi zai ɓata aikin hukuma. Na ce ranka ya daɗe gaskiya ne ban shiga ba, amma a makarantar da na yi an koya mana cewa in mutum ya ce amin ya yarda ke nan. Bulama ya rasa inda zai sa kansa, ga buhu a zaure, ga Liman a zaune yana jan carbi yana kallonsa. Sai ya yanke cewa tunda mai gona tana da rai, a ji daga bakinta, ba bakin ɗa ba, ba bakin jika ba. Ya ba da wa'adi zuwa bayan sallar waccan Juma'ar. In kin yi magana, taki ce ta zauna. In shiru, maganar Baba Sunusi ce, itatuwa na kwamiti. Ina ganin ya yanke haka ne don ya san ba kya ji a waya, kuma ya san a hannun wa wayar take.

Ba zan ɓoye miki ba, Aisa ta yi fushi da ni. Ta same ni a bakin jinga ta wanke ni tas. Ta ce ni wasa nake, su abinci suke nema. Ta ce in ina tsammani ba ta san abin da Abdulganiyyu ke ƙullawa ba, to ta sani tun ranar da ya kawo inji, ita ma a garin nan aka haife ta. Ta yi shiru ne domin shingen kacala shekara ɗaya yake yi ya ruɓe, kowace iska sai ta binne musu fangali, in ba a sami itace a wurin ba nan da 'yan shekaru babu gonar da za a yi rigima a kanta. Ta ce ita da marayu a ɗaki, ba ta da ƙarfin zaɓar wanda zai dasa. Ta ce ga shi yanzu ba inji, ruwan sama ya ɗauke, in na iya dariya sai in iya ɗebo ruwa. Cikin duk mutanen da na ambata a takardar nan ita kaɗai ce in ta yi magana nake sunkuyar da kai.

Shi ya sa nake roƙonki abu biyu. Na farko, kada zuciya ta ɗebe ki ki ce a tumɓuke. Na san halinki, in kika ji an taɓa gonar Malam za ki ce a cire komai a watsar, matan ma su tashi. In kika yi haka yashi ne zai gaje ki. Itatuwan nan gonar tana bukatarsu, sunan da za su amsa kawai ake rigima a kai. Na biyu, ki yi magana. Ban ce ki ce kin aiko ni ba, kada in ja ki cikin abin da ni na ƙulla, ni da Gambo mun ishi kanmu. Ki faɗi abin da yake gaskiya. Gona taki ce, aro kika ba matan ba kwamiti ba, Sunusi bai tambaye ki ba, kuma itatuwan da ke ciki kin karɓe su kin yi wa mahaifinki sadaka da su. Niyya ko yanzu kika ƙulla ta ta ƙullu. Sai dai ki sani, in kin ce sadaka, 'ya'yan sun fita hannunki, na su Aisa ne da duk mai wucewa. Na yi kyauta da mangwaronki ban tambaye ki ba, na sani. Amma ki duba, kafin dabinon nan ya yi 'ya'ya wane haƙori ya rage miki da za ki ci shi?

Umaima, ga naki aikin. Ki ɗauki muryarta a wayarki, in da hali har da fuskarta, ta ɗaura mayafinta mai kyau. Ta faɗi sunanta da na ubanta, ta faɗi iyakar gonar yadda ta sani, daga jinga har tudu. Ba sai ta ji komai ba, faɗa kawai za ta yi, kuma wannan kin san ba a koya mata. Ki turo wa Adila, ni zan kai wa Liman ya kunna a ƙofar masallaci a gaban Bulama. Kada ki bari babanki ya ce zai kira ciyaman su daidaita a tsakaninsu. Shi ya daidaita mu muka kai nan.

Ya'u direban motar tattasai ne zai kawo takardar, tare da ƙullin busasshen kifi da kuka da daddawa daga Inna. Ki lissafa kifin a gabansa, na ga yadda yake kallon ledar. Ki gaishe da Baba Sunusi da kyau, duk da haka ubana ne, Allah Ya ƙara masa buɗi. Ki gaishe da Mama da Abdulfattah da sauran yara. Umaima, sannu da karatu, Allah Ya ba ki miji mai magana kaɗan. Inna da Adila mai jego da 'yar jaririya suna gaishe ku. Liman ya ce a gaya miki yana sa ki a addu'a. Aisa ma ta ce in gaishe ki, amma ta ce in rubuta cewa ba ta gaishe ni ba.

Zan tsaya nan, rana ta yi sanyi, jarkoki suna jira a adaidaita. Tun da aka ɗauke injin ni nake ɗebo ruwa daga kogi safe da yamma ina bin ramukan nan ɗaya bayan ɗaya, domin na gane lissafin mutumin. So yake su bushe, ya samo wasu ya dasa a ranar da babu Gambo babu Liman. Kafaɗata ta saɓule, fasinja sun fara mantawa da ni a tasha. Har waccan Juma'ar ba wanda zai mutu a cikinsu, in Allah Ya yarda. Daga nan kuma ke za ki faɗa min ko itacen wa nake shayarwa.

Wassalam.

Naki, maigidanki,
Badamasi.